Ɗalibi ya haddace kalmomi amma hira ta gagare shi: ina gyaran yake?

Malama Hadiza:

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman shawararku a kan wani ɗalibi da nake koya wa Turanci shi kaɗai. Babba ne, yana da aikinsa da iyalinsa, kuma abin da ya kawo shi shi ne yana son ya riƙa magana da abokan aikinsa da baƙin da suke zuwa wurinsu ba tare da ya nemi tafinta ba. Ƙoƙarinsa ba abin kushewa ba ne, domin duk jerin kalmomin da na ba shi sai ya haddace, kuma idan na tambaye shi ma'anar kowace daga ciki yakan faɗa ba gargada. Amma da zarar na rufe littafi na ce mu taɓa hira, ko da a kan yadda ya yini ne, sai bakinsa ya mutu. Ya ce "yes", ya ce "no", ya yi murmushi, shi ke nan. Lokacin haɗuwarmu a mako kaɗan ne, ba na son in ɓata shi. Shin in ƙara masa kalmomi ne, ko in koma kan nahawu, ko kuwa in ajiye duka biyun in riƙa jan sa da hira har harshensa ya saki?

Malam Garba:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni dai abin da na sani shi ne ba a tilasta wa baki ya faɗi abin da babu shi a kai. Shirun da yake yi alama ce ta cewa abin da ya tara bai kai ba tukuna, kuma idan kika matsa masa da hira yanzu zai saba da karyayyen Turanci wanda gyaransa zai yi wuya nan gaba. Shawarata ita ce ki ci gaba da ba shi kalmomi, amma ki tsara su rukuni-rukuni yadda za su zauna masa: yau sassan jiki, gobe launuka, jibi kayan ofis, sannan kishiyoyi irin su zafi da sanyi, tsawo da gajarta. Ki haɗa masa da ƙa'idojin lokutan aikatau, ya san bambancin abin da ya wuce da wanda ake ciki da wanda zai zo, ya yi ta rubuta jimloli kina gyarawa. Idan kalmomi suka yawaita, ƙa'ida kuma ta zauna, magana za ta zo da kanta ba sai kin roƙe ta ba. Haka aka koyar da da yawa daga cikinmu, kuma ga shi muna magana.

Malama Rabi:

Allah ya gafarta Malam, ina ganin akwai abin dubawa a nan. Malama Hadiza ta ce idan ta tambaye shi ma'anar kalma yana faɗa. To, ta wace fuska take yin tambayar? Ina kyautata zaton ita ce take furta kalmar Turancin, shi kuma ya kawo ma'anarta a harshensa. Wannan sani ne irin na mai saurare da mai karatu. Mai magana kuwa akasin haka yake buƙata, domin ma'anar ce take fara zuwa masa, sannan ya nemo kalmar Turancin da za ta ɗauke ta, ya furta ta daidai, ya sa ta a gurbinta cikin jimla, duk a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, alhali wani ya zuba masa ido yana jira. Abin ya yi kama da mutumin da kake ganewa sarai idan ka ga fuskarsa, amma a ce ka kira sunansa sai ka shiga lalube. Sanin farko ba ya haifar da na biyu sai an yi wa na biyun nasa atisayen.

Ki gwada shi, Malama. Ki ɗauki kalmomi ashirin daga cikin waɗanda ya haddace, ki faɗi ma'anarsu a harshensa, ki ce ya kawo Turancin. Daga nan ki ɗauki waɗanda ya iya kawowa, ki ce ya faɗi wani abu na gaskiya game da kansa da kowace ɗaya. Za ki ga adadin yana raguwa daga mataki zuwa mataki, kuma abin da ya rage a ƙarshe shi ne ainihin abin da zai iya yin hira da shi. Ƙara masa sababbin kalmomi a wannan hali jerin farko kawai zai tsawaita.

Sannan kalmar Turanci ba ta cika tafiya ita kaɗai ba, tana da abokan tafiya da ba ta yarda a canza mata. Ana cewa "make a mistake" amma "do homework", ana cewa "heavy rain" ba a cewa "strong rain". Ɗalibin da ya haddace "make" da "do" a ware zai riƙa tsayawa a tsakiyar kowace jimla yana zaɓe, wanda kuwa ya karɓi guntun maganar dungurungum ba ya tsayawa.

Dakta Aminu:

Ina tare da Malama Rabi, amma ba na son a jefar da maganar Malam Garba gaba ɗaya, domin yawan kalmomi yana da nauyi ƙwarai. Abin tambaya shi ne waɗanne kalmomi. Tun a 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 waɗanda suka fi yawan aukuwa a Turanci, kuma har yau irin wannan lissafi ne ginshiƙin tsara darussan masu koyo. Idan an ƙirga kalma tare da rassanta a matsayin guda, wato "help" da "helped" da "helpful" duk a lissafa su ɗaya, to waɗannan 2,000 na farko suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na kalmomin da ke cikin rubutu na yau da kullum, a hirar baka kuwa sukan kai kashi 90 ko sama da haka. Kashi 80 yana da daɗin faɗa, amma ma'anarsa ita ce a kowace kalma biyar akwai ɗaya da ba ka sani ba, kuma da haka babu mai fahimtar labari cikin natsuwa. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a Niyuzilan ya ƙiyasta a 2006 cewa kafin mutum ya san kashi 98, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin, yana buƙatar kalmomi tsakanin 8,000 da 9,000 don karatu, da tsakanin 6,000 da 7,000 don saurare.

Darasin da nake ɗauka daga waɗannan alƙaluma shi ne malamin da yake ganin ɗalibi na ɗan lokaci a mako ba zai taɓa koyar da dubban kalmomi da bakinsa ba, ko da ya so. Aikinsa shi ne ya tabbatar cewa na sahun farko, waɗanda ake tuntuɓe da su a kowace jimla, sun zauna daram har ɗalibin yana iya fito da su, sannan ya nuna masa yadda zai tara sauran da kansa. Ki duba jerin da kike ba shi, Malama. Idan akwai sunan gwiwar hannu da na girar ido a ciki, alhali bai iya sarrafa "get" da "take" da "need" ba, an sa na baya a gaba.

Game da tsara kalmomi rukuni-rukuni kuwa, Malam Garba, akwai binciken da ya saɓa wa abin da hankali yake fara kawowa. Thomas Tinkham a 1993, da Robert Waring wanda ya maimaita gwajin a 1997, sun samu cewa kalmomi masu kusancin ma'ana, idan an koyar da su tare suna sababbi, sun fi ɗaukar lokaci kafin su zauna, saboda suna shiga wa juna. Ba duk binciken da ya biyo baya ne ya zo da sakamako iri ɗaya ba, amma duk malamin da ya koyar da "left" da "right" a rana guda, ko "borrow" da "lend", ya ga abin da idonsa: ɗalibi ya san cewa ɗayansu ce, bai san wacce ba. Gara a koyar da wadda ta fi yawan amfani, a bar ta ta kafu, sannan a kawo kishiyarta.

Malam Isa:

Malamai, ku yi mini afuwa, ni matsalar a wani wuri nake ganinta. Dukanku kuna magana a kan fassara, daga Turanci zuwa harshensa ko daga harshensa zuwa Turanci, kuma a ganina fassarar nan ita ce take ɗaure masa harshe. Mutumin da sai ya tsara jimla a harshen uwarsa sannan ya juya ta kalma bayan kalma ba zai taɓa cim ma saurin hira ba. Stephen Krashen ya daɗe da bayyana cewa harshe yana shiga ne ta hanyar jin magana da karanta rubutun da mutum yake fahimta, wanda ya ɗan ɗara matakinsa kaɗan, kuma tsoro da fargaba suna toshe hanyar shigar. Don haka ni da ni ne, da zan hana harshen uwa a darasin gaba ɗaya. Zan yi masa magana a hankali da Turanci mai sauƙi, ina nuna abu, ina kwatance da hannu, ina zana hoto, sannan in haɗa shi da ƙananan littattafan labarai da ake rubutawa musamman don masu koyo, waɗanda aka taƙaita kalmominsu mataki-mataki, irin jerin Oxford Bookworms. Ya ji da yawa, ya karanta da yawa, kada a matsa masa ya yi magana sai ya ji ta taso masa.

Dakta Aminu:

Batun littattafan nan na karɓa hannu biyu, Malam Isa, kuma su ne hanyar da zai bi ya tara dubban kalmomin da na ambata. Sharaɗin kawai shi ne a zaɓa masa wanda ya yi masa sauƙi, har ya iya wuce shafi ba tare da ya ɗauko ƙamus ba. Amma cewa ji kaɗai zai haifar da magana, an gwada wannan an ga iyakarsa. A Kanada akwai makarantun da ake koyar da yara masu jin Turanci darussansu da Faransanci tun suna ƙanana. Merrill Swain ta nuna a 1985 cewa bayan shekaru suna sauraro, fahimtarsu ta kusa kai ta waɗanda Faransanci ne harshen uwarsu, amma maganarsu da rubutunsu suna nan da kurakuran nahawu. Bayaninta shi ne mai saurare yana iya gane saƙo ba tare da ya kula da yadda aka ƙulla jimlar ba, sai ranar da ya buɗe baki ya nemi faɗin wani abu ya kasa, sannan yake gane inda giɓinsa yake. Kuma kada mu manta da cewa ɗalibin Malama Hadiza gobe zai shiga wurin aiki, a yi masa tambaya, ba wanda zai jira maganar ta taso masa.

Hana harshen uwa kuma, a ganina, tsada ce da ba ta zama dole ba. Kwatance da hannu yana isa ga "sit" da "open", amma malamin da zai kwatanta "although" ko "afford" da hannu zai ci minti biyar, a ƙarshe ɗalibin ya fassara a zuciyarsa, wataƙila ma ya fassara ba daidai ba. Idan malami da ɗalibi suna da harshe ɗaya, kalma guda a wannan harshen ta wadatar, a koma Turanci nan take. Abin gudu shi ne darasin ya rikiɗe ya zama bayani a kan Turanci da wani harshe.

Hajiya Binta:

Ni ba malama ba ce, da girmana na koyi Turanci, don haka ku bar ni in faɗi yadda abin yake daga kujerar ɗalibi. Idan malami ya yi tambaya, sau da yawa na gane ta, kuma amsar tana nan a kaina. Sai in fara jera kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya, na sami uku, ina neman ta huɗu, idona yana kan tebur. A daidai wannan lokacin malamin, saboda tausayi, sai ya ga shirun ya yi yawa, ya sake yin tambayar da wasu kalmomi daban. Yanzu ga sabuwar jimla da zan fahimta, ukun da na jera kuma sun watse. Ko kuwa ya ƙarasa mini maganar da kansa, ni kuma in ce "yes" in yi murmushi, domin ya huta ni ma in huta. Murmushin da Malama Hadiza take gani na san shi sarai.

Ga kuma kunya. Yaro ba ya damuwa idan ya yi kuskure, amma babban mutum wanda ake girmamawa a gidansa da wurin aikinsa yana jin nauyin a ji shi yana inda-inda a kan abin da ya sani sarai a harshensa. Abin da ya fi sake mini harshe shi ne lokacin da aka koya mini 'yan jimlolin ceton kai: "Could you say that again?", "What does that mean?", "How do you say this?", "Give me a moment." Da na riƙe waɗannan sai na daina ganin rashin fahimta a matsayin ƙarshen hira, tun da ina da abin faɗa ko da ban gane ba. Sai kuma tambayoyi a kan abin da na fi malamin sani, wato aikina. Idan aka tambaye ni yadda ake yin wani abu da nake yi kullum, ba na neman abin faɗa, kalmomi kawai nake nema, nauyin ya ragu da rabi. Tambayar yadda mutum ya yini kuwa ba ta jan magana, domin ko a harshensa amsarta lafiya lau ce.

Malama Rabi:

Hajiya, kin taɓo inda ya fi muhimmanci, kuma an auna wannan shirun. Mary Budd Rowe, wadda ta yi nazarin azuzuwan kimiyya a Amurka a farkon shekarun 1970, ta samu cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya kafin su sake ta, ko su amsa da kansu, ko su juya ga wani. Da aka horar da su suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, masu amsawa kuma suka ƙaru. Waɗannan yara ne masu amsawa da harshensu, to ina ga wanda yake haɗa jimla da baƙon harshe? Malama Hadiza, ki yi tambaya sau ɗaya, ki kawar da ido kaɗan, ki ƙirga a zuciyarki har goma. Za ki ji shirun ya yi miki nauyi, amma shi aiki yake yi a cikinsa.

Malam Garba:

To, na ji, a bar shi ya yi magana. Amma idan ya ce "Yesterday I go to the office", sai a zuba masa ido a ce madalla? Na ga manya da suka shekara suna magana da Turanci cikin sauri, ba su jin kunyar kowa, amma kuskuren da suka fara da shi yana nan ya daskare, domin ba a tare shi da wuri ba. Ni ban yarda malami ya ji kuskure ya wuce ba, wannan ba tausayi ba ne.

Malama Rabi:

Babu wanda ya ce a wuce, ranka ya daɗe, maganar ita ce yaushe kuma ta wace hanya. Abin da malamai suka fi yi shi ne su maimaita jimlar a gyare ba tare da sun ce an yi kuskure ba. Ɗalibi ya ce "Yesterday I go", malami ya ce "Oh, you went", hira ta ci gaba. Roy Lyster da Leila Ranta sun nazarci irin waɗancan azuzuwan Faransanci a yankin Montreal, suka wallafa a 1997 cewa wannan salo ya ɗauki fiye da rabin gyaran da malamai suke yi, amma shi ne mafi ƙarancin sa ɗalibi ya waiwayi kuskurensa, domin yara kan ɗauka malamin yana tabbatar da maganarsu ne kawai. Salon da ya fi sa su gyara da kansu shi ne wanda malami yake nuna cewa akwai matsala amma ya riƙe amsar. Gaskiya ne babban mutum da yake zaune shi kaɗai da malami ya fi yaro a cikin aji lura, amma duk da haka na fi son in ce masa "Yesterday I...?" in tsaya, in bar shi ya nemo "went" da kansa, tun da ya riga ya san ta a littafi.

Sai dai ba kowane kuskure ake tarewa ba, kuma ba a kowane lokaci ba. Idan yana tsakiyar ba da labari, ya fara samun gudu, ni nakan riƙe takarda in rubuta abin da na ji, in bar shi ya kai ƙarshe. Wanda ya hana ni fahimtarsa shi kaɗai nake tarewa nan take. Bayan ya gama sai in zaɓi biyu ko uku waɗanda suke ta dawowa, in karanta masa jimlarsa yadda ya faɗe ta, in tambaye shi ko ya ga abin gyara. Sau da yawa shi yake gyarawa kafin in rufe baki. Wanda aka katse shi a kowace jimla kuwa, abin da yake koyo shi ne gajeriyar amsa ta fi aminci.

Malama Hadiza:

Na gode ƙwarai, malamai, na ƙaru. Abin da ya rage mini shi ne haddar kanta. Idan mafi yawan lokacinmu zai tafi a magana, yaya zan tsara masa aikin kalmomi na gida yadda ba zai koma irin na da ba?

Dakta Aminu:

Da kati, Malama, kuma shi zai riƙa yin su da hannunsa. A fuska ɗaya ya rubuta ma'anar a harshensa, a ɗaya fuskar ya rubuta Turancin tare da gajeriyar jimla da ta shafi rayuwarsa. Yana kallon ma'anar, ya faɗi Turancin da ƙarfi kafin ya juya katin. Wannan yunƙurin tunowa shi ne yake kafa kalma, sake karanta jeri kuwa yana ba mutum jin cewa ya sani ne kawai. Kalmomin da za su hau kati su fito daga hirarku, wato duk wadda ya nema ya rasa, ya tambaye ki, ita ce ta fi cancanta, domin ya riga ya nuna yana buƙatarta.

Sai tazarar bita. Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885, a gwajin da ya yi wa kansa da gaɓoɓin da ba su da ma'ana, cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, daga nan take lafawa. Don haka bita ta farko tana zuwa da wuri, sauran kuma a riƙa nisanta su. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Sebastian Leitner ya yaɗa a Jamus a farkon shekarun 1970: akwati mai ɗakuna, sabon kati yana ɗakin farko da ake dubawa kullum, idan an tuna shi ya matsa ɗaki na gaba da ake dubawa bayan 'yan kwanaki, idan an manta ya dawo na farko ko da ya yi nisa. Manhajar Anki tana yin wannan lissafin a waya, ga wanda ya fi son haka. Minti goma kullum ya fi awa biyu a daren da zai wayi gari ya zo wurinki.

Nation yana da wani ma'auni da nake ganin zai taimaka miki wajen duba makon ɗalibin gaba ɗaya. Ya ce lokacin koyon harshe ya kasu kusan daidai gida huɗu: ji da karatu don fahimta, magana da rubutu don isar da saƙo, nazarin harshen kansa kamar kalmomi da nahawu da furuci, sai kuma atisayen sauri da abin da aka riga aka sani. Ɗalibinki a kashi na uku kaɗai yake zaune. Na farko da na uku yana iya yin yawancinsu a gida, na biyu da na huɗu kuwa su ne suke buƙatar mutum a gabansa.

Malam Isa:

Har yanzu ina da ja a kan katin mai harshe biyu, kuma zan so a ce da zarar ya ɗan yi ƙarfi a maye gurbin fassarar da hoto ko da jimlar Turanci mai giɓi. Amma a kan kashi na huɗu da Dakta ya ambata ina da abin ƙarawa, domin shi ne wanda malamai suka fi mantawa da shi, suna ganin darasin da ba a koyi sabon abu a cikinsa ba asara ne. Akwai atisayen da ake kira 4/3/2, wanda Keith Maurice ya bayyana a 1983. Ɗalibi yana ba da labari ɗaya sau uku, na farko a minti huɗu, na biyu a uku, na ƙarshe a biyu, kuma a aji akan canza masa mai saurare kowane zagaye. Babu sabuwar kalma a ciki. A zagayen farko zai yi ta tsayawa yana kame-kame, a na biyu jimlolin da ya sha wahalar haɗawa sun zama a shirye, a na uku sai ya ji kansa yana magana ba tsayawa, wataƙila karon farko ke nan da ya ji haka da Turanci. Ga wanda bai yi nisa ba ana iya rage lokacin, a fara da minti biyu a sauko zuwa ɗaya. Tun da ke kaɗai ce mai sauraronsa, zagaye ɗaya ya yi miki, ɗaya ya naɗa a wayarsa, ɗaya kuma ki zama baƙon da ya shigo wurin aikinsa bai san komai ba. Kada ki yi gyara a tsakanin zagayen.

Malam Garba:

Wannan na yarda da shi, domin maimaitawa ce, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya wani abu ba tare da ita ba. Amma zan ƙara sharaɗi ɗaya wanda ba zan janye ba, shi ne a haɗa da alƙalami. Labarin nan da ya bayar sau uku ya je gida ya rubuta shi, ya kawo a duba. A magana ƙarshen kalma yana iya ɓacewa ba a lura ba, mutum ya haɗiye "ed" ɗin "worked" ko "s" ɗin "works" malami ya ɗauka ya faɗa, amma a takarda babu wurin ɓuya. A nan ne za a gane ko ƙa'idar ce bai sani ba ko kuwa furucin ne yake ba shi wuya, kuma maganin ɗayan ba shi ne na ɗayan ba.

Malama Rabi:

Wannan sharaɗi ne mai kyau, Malam, matuƙar rubutun ya biyo bayan maganar. Idan ya rubuta kafin ya zo, zai haddace takardar ne ya karanto wa Malama Hadiza daga kansa, kuma da zarar ta jefo tambayar da ba ta cikin rubutun zai tsaya cak. Idan yana son abin dogaro kafin ya fara, ta bar shi ya rubuta kalmomi huɗu ko biyar a gefen takarda don su tuna masa da jerin labarin, amma ban da cikakkiyar jimla. Nahawun da za a koyar a mako mai zuwa kuma daga cikin wannan rubutun nasa za a ciro shi.